Kwanon da Ya Bi Waya Gida-Gida

Ku sababbin malamai da aka turo mana bana, kun zo da wayoyinku masu santsi kuna ce mini haɗa aji da aji ba sana'a ba ce, latsawa ce kawai. Ɗayanku ma, mai gilashin nan, ya ce a ba shi minti biyar ya nuna wa yaransa ƙasar Turawa. To, Allah ya ba da sa'a. Ni Lawali, wanda kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, shekara tara na yi ina wannan aiki a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye tsakanin Dakoro da Birnin Lalle. Na haɗa ajina da wani aji a Kanada, inda su ma Faransanci suke yi, yaranmu da nasu suna aiki ɗaya suna ganin juna. Yau ajin nan babu shi. Ku gyara zama in gaya muku yadda ake aikin, da yadda na kashe nawa da hannuna.

Aikin farko neman rezo ne, wato sabis ɗin waya. A ƙauyenmu rezo ba ya shiga aji, iyakarsa saman wata aduwa da ke bayan lakwal. Wanda ya koya mini kamo shi Mamane ne, mai gyaran waya a kasuwar Dakoro, mutumin da bai taɓa zama a benci ba. Hutu uku na yi a rumfarsa ina miƙa masa kayan aiki kamar yaron shago, ga furfura ta fara fito mini. In na haɗa wayar kuran, wato lantarki, ja da baƙa ba daidai ba sai ya buge mini hannu ya ce, “Mushe, kai ka san karatu, amma ba ka san kuran ba. Kuran ba shi jin Faransanci.” Shi ya nuna mini in sa waya a gwangwanin madara, in naɗe gwangwanin da tsumma saboda rana, in ɗaure a kan doguwar gora in ɗaga cikin rassan aduwa. Daga can wayar take jefo rezo cikin aji zuwa ordinatar, wato kwamfuta. In iska ta kaɗa gorar, sai fuskar mutanen Kanada ta daskare, baki buɗe, yara su yi ta dariya har ta dawo.

Panno kuwa, faifan nan mai shan rana, kowace safiya sai an goge shi, in ba haka ba batiri ya yi maka rowa. Sau biyu awaki suka cinye mini wayar da ta sauko daga rufi, sai da na zura ta cikin tiyo na binne. Sannan ga zafi. Lokacin da mutanen Kanada suke shiga aji da safe, mu nan an yi azahar an gama, rana tana tsakiyar faɗanta. Ordinatar ba ta son wannan lokaci, minti goma sai ta ɗauke. Dabarar da na samo ita ce in jiƙa buhu in shimfiɗa a kan murfin randa, in ɗora bulo biyu, in zaunar da ita a kai kamar amarya. Wanda ya ce latsawa ce kawai, ya zo ya latsa a watan bazara mu gani.

Amma duk wannan wasa ne. Masu aikin na gaskiya iyaye ne, su ne za su ce i ko a'a. Shekarar farko wani uba ya zo har bakin aji ya ce hoton ɗiyarsa ba zai je wurin Turawa ba, kafin la'asar magana ta zagaye gari. Na ɗauki ordinatar zuwa ƙofar mai gari na yi bayani har miyau ya bushe, ba wanda ya motsa. Wadda ta raba gardamar Iya Tabawa ce, mai sayar da fura, shugabar uwayen yara, tsohuwa mai murya kamar ta namiji. Ta leƙa allon ta ce, “Su za su ga ɗiyanmu?” Na ce i. Ta ce, “Mu ma za mu ga nasu?” Na ce ƙwarai. Ta ce, “To mi ya rage? Zumunta ce. Ba a zumunta da rufaffen ido.” Daga ranar ba wanda ya sake cewa uffan.

Ku san dalilin da ya sa na ɗauki wannan wahala. A ƙasarmu aji ba ya mutuwa rana ɗaya, yoyo yake yi. Da an gama girbi wannan ya bi ubansa kiwo, waccan ta bi uwarta cin rani Maraɗi. In yara suka ragu sosai, sufeta ya haɗe ajin da wani, ya ɗauke malami, shi ke nan. Ni ajin ƙarshe nake riƙewa, na masu jarrabawa, kuma abin da nake so a duniya shi ne in kai su ranar jarrabawa a cike. Haɗin nan, da muke yi duk ranar Alhamis, shi ya zame mini igiya. Yaron da zai tsallake Litinin da Talata ba ya tsallake Alhamis, don ya san akwai wanda zai kira sunansa daga wata duniya.

Malamar wancan ajin Madam Solanj ce, mace mai fara'a, mai son tsari. Mun yi aiki iri-iri da ita. Mun kafa sanda a fili mun auna inuwa da tsakar rana, su ma sun auna tasu, aka gwada. Yaranmu sun yi musu tatsuniyar gizo, su suka zana ta. Wata rana suka ɗebo ƙanƙarar da ke sauka a garinsu cikin kofi suka bari ta narke a gabanmu, mu kuma muka jawo raƙumi har bakin taga, ajinsu ya kaure da ihu. Kowane yaro namu yana da aboki a can. Balki, wadda ta fi kowa kai a ajina, ƙawarta wata ce Leya, yarinya mai gilashi mai yawan tambaya. Abin da na fi so shi ne yaranmu ba sa sunkuyar da kai. Su ma suna da abin nunawa, su ma ana ce musu, “Kai, ku koya mana!”

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke. Tun cikin damina, hatsi yana kore shar, muka shirya da Madam cewa aikin bana shi ne “Abin da muka ci jiya.” Kowane yaro zai ɗauki hoton abincin gidansu, ya rubuta sunansa da yadda ake yin sa, a tura wa abokinsa. Na ce madalla, za su ga tuwo da miyar kuka, za su ga dambu da fura. Ban san ruwa zai tsaya daidai lokacin da hatsi yake fitar da kai ba. Gonar da ke cika rumbu ta ba da abin da jaki ɗaya zai ɗauka. Kafin sanyi ya wuce, gidaje da yawa sun koma kunu sau ɗaya a rana, wasu ganyen tafasa da ɗan ƙuli. A aji ina ganin abin, yaro ya kifa kai a tebur tun hantsi, ka tashe shi ya dube ka kamar bai san ka ba.

Wayar hoto ɗaya ce a lakwal, kuma ni namiji ba na shiga gidajen mutane. Don haka wayar ce take zagayawa, yau ta kwana gidan wane, jibi gidan wance. Hoton farko ya zo, tuwon hatsi ne mai kyau, miya har da mai a sama. Na ce alhamdu lillahi, gidan nan akwai sauran hatsi. Na biyu ya zo, haka. A na uku na tsaya na ƙura ido. Kwanon fari ne mai zanen fure shuɗi, bakinsa ya ɓantare a gefe ɗaya. Na koma na farko, shi ne. Na biyu, shi ne. Kuma na san kwanon, don na sha fura a cikinsa ba sau ɗaya ba.

Na sami Iya Tabawa a ƙofar gidanta tana tankaɗe. Bayan gaisuwa na nuna mata hotunan uku. Ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, “Kwanona ne, Mushe. Mi kag gani?”

Na ce, “Iya, ai cewa aka yi abin da kowane gida ya ci.”

Ta ajiye rariya ta ce, “To ai sun ci. Mu mata munka haɗa kai, kowa ta kawo ɗan abin da ta samu, in tuƙa. Gidan da waya za ta kwana, can kwano shika tahiya. A ɗauki hoto, ɗiya su cinye, a wanko mini abina. Ko so kake mu nuna ma baƙi ruwan kunu? Su ce ƙawayen ɗiyansu mayunwata ne? Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba.”

Ni ma haka aka rene ni. Uwata takan ɗora tukunya da ruwa zalla a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi. Na koma lakwal na yi abin da na fi ƙwarewa a kai. Mamane ya koya mini yanke hoto, a cire abin da ba a so a bar abin da ake so. Kowane hoto na yanke gefen da ya ɓantare, na juya wani dama wani hagu, wani na matso da shi har tuwon ya cika allo ba a ganin fure. Aiki ne mai kyau, wallahi. Da akwai jarrabawar yanke hoto da na zo na ɗaya a jihar Maraɗi.

Ana cikin haka Madam ta rubuto mini. Ta ce sun ji labari damina ba ta yi kyau a yankinmu ba, yaya yara? Hannuna ya ba ta amsa kafin kaina ya yi tunani, kamar yadda ake amsa gaisuwa a hanya. Na ce lafiya lau muke, mun gode. Bayan mako biyu ta sake rubutowa, wannan karon ba kwana-kwana. Ta ce iyayen yaran ajinta suna yin wani taro duk shekara su tara taimako, kuma bana sun yanke za su buɗe kantin, wato dafa wa yara abincin rana a lakwal, a ɗaya daga cikin azuzuwa biyu da suke hulɗa da su, mu ko wani aji a wata ƙasa. Ta ce in gaya mata gaskiya, muna bukata?

Wannan ban amsa ni kaɗai ba. Na tara iyaye maza a gindin aduwa, Iya Tabawa tana gefe da matanta, na karanta musu na fassara. Kowa a wurin ya san abin da ke cikin rumbunsa. Sai wani dattijo ya ce, “Shekara nawa muna abota da mutanen ga, ba mu taɓa tambayarsu ko allura ba. Yau mu koma masu miƙa hannu?” Wani ya ce in an karɓa, gobe yaransu za su riƙa duban namu da ido daban. Wani ya ce wata nawa ya rage ruwa ya sauka, a daure. Aka juyo gare ni, don ni ne mai ilimi, ni na san Turawa. Da na ce a karɓa, da an karɓa, na san haka. Amma na tuna Balki tana koya wa Leya ƙirga da Hausa, kanta a sama, na ji ba zan iya ganin kan nan ya sunkuya ba. Na ce gaskiyar dattijo ce. Na rubuta wa Madam cewa shekarar ta ɗan yi tsanani amma muna da abin da zai kai mu, ga hotuna ma tana gani.

Daga nan aji ya fara yoyo ba irin wanda na saba gani ba. Ba yaro ɗaya ɗaya ba, gida guda ake rufewa. Ka zo da safe ka ga an jingina ƙaya a ƙofa, an tafi Maraɗi, an tafi Najeriya, an yi arewa. Mun fara shekara mu talatin da huɗu. Kafin bazara ta tsaya muna goma sha ɗaya. Nan ma sana'a ta yi mini rana. Na ja benci uku gaba, na matso da ordinatar kusa, na karkata ta yadda ba a ganin bayan aji. In yaron Kanada ya tambayi abokinsa, in ce ya je rakiyar dabbobi, zai dawo. Har wasiƙu na rubuta da sunan waɗanda suka tafi, ina sa kuskure da gangan don a ce yaro ne.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alhamis ɗin rufe aikin, Madam ta juya nata allon ta nuna mana bangon ajinsu. Sun buga hotunan duka a takarda sun manna a jere, nasu a sama namu a ƙasa. Abin da ban taɓa tunani ba ke nan. Ni ɗaya ɗaya nake tura su, ban taɓa ganinsu kafaɗa da kafaɗa ba. A jere kuwa, ko makaho ya shafa ya san kwano ɗaya ne. Leya ta ɗaga hannu, ta matso har gilashinta ya cika allo. Ba da mugunta ba, tambaya ce irin tata. Ta ce, “Balki, me ya sa kowa a garinku kwanonsa iri ɗaya ne? Kuma kullum tuwon daidai wuri ɗaya yake tsayawa.”

Na buɗe baki zan ce a kasuwa ɗaya ake saye. Balki ta riga ni. Ta miƙe tsaye kamar yadda na koya musu, ta yi magana da Faransanci mai kyau, ba kuskure ko ɗaya, Faransancin da ni na zuba mata. Ta ce, “Kwano ɗaya ne. Ranar da waya ta zo gida, ranar ake cin tuwo a gidan. Namu ya wuce tun wata biyu.” Ta zauna.

Ban taɓa roƙon iska ta kaɗa gora ba sai ranar. Ba ta kaɗa ba. Rezo ya tsaya cak, ina ganin fuskar Madam sarai, ina ganin yaranta, su ma suna ganinmu. Wata yarinya a bayan Leya ta fara kuka. Ni na miƙa hannu na rufe ordinatar.

Washegari saƙonta ya zo, gajere. Ta ce taimakon ya riga ya tafi wancan ajin tun makonni da suka wuce, an sayi tukwane an fara dahuwa, don malaminsu ya faɗi halin da suke ciki, mu kuma hotunanmu sun nuna muna ƙoshi. Ta ce za ta gwada sake tara iyaye, amma shekararsu ta zo ƙarshe, sai wata shekara. A ƙasa ta rubuta, “Lawali, sau biyu na tambaye ka.” Na yi kwana uku ina neman amsa da Faransanci ban samu ba. Da Hausa ma ban samu ba.

Wata shekarar ba ta same mu ba. Yara shida na kai jarrabawa, Balki ba ta ciki, don mako ɗaya bayan wannan Alhamis uwarta ta ɗaure kaya. Da aka dawo hutu sufeta ya ƙirga kawuna ya haɗe ajin da na wani gari, ni aka maido ni Dakoro. Panno da batiri suna wani ɗaki a rufe, na ji an ce ɓeraye sun gama da wayoyin. Madam ta rubuto sau biyu ko uku, ban amsa ba don kunya, daga baya ta bar waccan lakwal tasu, zaren ya tsinke. Ranar da zan tashi na je sallama wurin Iya Tabawa. Ta rame, furar ma ta daina. Ba ta zarge ni ba, ban zarge ta ba. Ta ce kawai, “Mushe, asiri dai bai ruhu ba, ɗiya kuma sun watse. Mun yi biyu babu.”

Don haka in kun ce ku koya daga gare ni, zan koya muku gwangwani da gora da jiƙaƙƙen buhu, waɗannan rana ɗaya sun isa. Abin da ba zan iya koya muku ba shi ne yadda mutum zai buɗe baki ya ce wa aboki, “Ba mu ci ba.” Ni ban iya ba, iyayen ba su iya ba, kuma ina kallonku na san ku ma ba za ku iya ba. Kun ga ai tun da kuka zauna na tambaye ku ya hanya kuka ce lafiya lau, alhali ga wancan takalminsa a hannu, tun Sabon Maci yake turo babur.

Bara na je Maraɗi. A tasha wata budurwa ɗauke da bokitin ruwan sanyi a ka ta tsaya a gabana ta ce, “Mushe!” Sai da ta yi murmushi na gane Balki ce. Ta sauke bokitin ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo mini ruwa ta ƙi karɓar komai. Na tambaye ta karatu, ta ce tun ranar ba ta sake shiga aji ba, ita da uwarta suke riƙe da ƙannenta. Hannunta duk ya faffashe. Direba ya fara kiran masu tafiya Dakoro.

Ta ce, “Mushe, har yanzu kana haɗa rezo da su?”

Ban iya ce mata a'a ba. Na ce wani lokaci.

Ta ɗora gammo, na taimaka mata ta ɗauki bokitin. Ta ɗan yi gaba, sai ta juyo ta ce, “In ka ga Leya ka gaishe ta. Ka ce mata ina lahiya lau.”